Maki 250 a JAMB kuma babu gurbi: yadda ake rabon kujerun jami'a

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu, ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaya gidajen Kaduna daga Kawo har Sabon Tasha: nawa ka ci? Wanda ya haura 200 a yi masa barka, wanda ya kai 250 kuwa har dangin da ke Zariya da Kafanchan sai sun ji labari. Bayan wata biyar ko shida sai labari ya sha bamban. Mai 250 yana zaune a gida yana duba waya safe da yamma, abokinsa mai 190 ya ɗauki jaka ya tafi rajista. Daga nan zargi ke farawa: an sayar da gurbinsa, ba shi da kowa a sama, an ba ɗan wane. Ba zan rantse cewa ba a yin haka ba, domin duk inda abu ya yi ƙaranci masu nema suka yi yawa, ba a rasa mai bin bayan fage. Amma sau da yawa ba wanda ya sayar da komai. Tsarin ne ya yi aiki kamar yadda aka shirya shi, sai dai ba wanda ya zaunar da yaron ko mahaifinsa ya yi musu bayaninsa. Wannan rashin bayani yana cinye wa yaranmu shekara ɗaya, biyu, wani lokaci uku, kuma 'ya'yan talakawa ya fi cuta, domin ɗan malamin jami'a tun a gida yake jin waɗannan abubuwa.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke tantance ɗalibanta da kanta. Yaro ɗaya mai ƙoƙari sai ya samu gurbi a jami'o'i uku, ya tafi ɗaya, sauran biyun su tashi a banza alhali ga wasu zaune a gida. A wannan shekara gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa JAMB domin a tattara neman wuri guda. A 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da ta kwalejojin ilimi suka zama ɗaya, wadda ake kira UTME, kuma daga 2015 aka ajiye takarda da fensir gaba ɗaya aka koma kwamfuta. Darussa huɗu ake zama. Turanci dole ne a kan kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin da ake nema ne ke faɗin su. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya cikin ukun, jimillar maki 400. Sakamakon na shekara ɗaya ne kacal. Wanda bai samu gurbi bana ba, baɗi sai ya sake sayen fom ya sake zama.

Babban abin da ke rikita mutane shi ne suna auna JAMB da ma'aunin WAEC ko NECO. A WAEC, idan ka samu kiredit ka samu ke nan, ko mutum miliyan ne suka fi ka. JAMB kuwa jera mutane take yi, wane gaban wane. Kamar layin shiga mota ne a tasha: na goma a layin motar da ke da kujera 18 ya samu wuri, na goma a layin motar da saura kujera huɗu sai ya kwana a tashar. Don haka maki shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an san wane kwas aka nema, a wace jami'a, su wane ne suka nema tare da kai, kuma kujera nawa ake da su.

Akwai iyakar maki har hawa uku, mafi yawan iyaye kuma na farko kawai suke ji a rediyo. Kowace shekara JAMB tana zama da ministan ilimi da shugabannin manyan makarantu su tsayar da mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar ɗalibi da shi a ƙasa baki ɗaya. A 2017 an sauko da shi har 120 ga jami'o'i, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. A 2024 ya tsaya a 140, a 2025 aka ɗaga shi zuwa 150, aka bar kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi a 100, kwalejojin aikin jinya kuma 140. Uba ya ji an ce 150, ɗansa yana da 210, sai ya lissafa cewa har rarar 60 gare su. Alhali abin da wannan adadi ke nufi kawai shi ne ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da shi ba. Hawa na biyu shi ne wanda kowace jami'a take yanka wa kanta, kuma manyan jami'o'in da ake rububi sukan sa 180 ko 200. Wannan ma izinin shiga tantancewa ne kawai. Hawa na uku shi ne mai yanke hukunci, wato makin sashe, kuma shi ba a iya saninsa tun farko. Ana jera waɗanda suka nemi kwas ɗin daga sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare nan layin ya tsaya. Makin na ƙarshen da ya shiga shi ne iyakar wannan shekara, baɗi kuma yana iya hawa ko sauka.

Su kuma kujerun, jami'a ba ta da ikon ƙara su yadda ta ga dama. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka gwargwadon malamai da azuzuwa da kayan aikinta. A kan wannan kuma hukumomin sana'o'i suna da nasu ƙa'idar. Majalisar likitoci, MDCN, tana faɗa wa kowace tsangayar likitanci adadin da ba za ta wuce ba, haka majalisar koyar da aikin lauya, haka ta masu harhaɗa magunguna da ta ma'aikatan jinya. Jami'ar da ta yi kunnen ƙashi ta ɗebi fiye da kasonta, ɗalibanta ne ke ɗanɗana kuɗa a ƙarshe, su gama karatu su zauna jiran shiga makarantar horar da lauyoyi ko jiran rantsuwar kama aiki. Ga kuma manufar gwamnati ta ba kimiyya kashi 60, fannonin adabi da zamantakewa kashi 40, a jami'o'in da ke koyar da komai da komai.

To a duba alƙaluman farko da JAMB ta fitar na 2025. Mutum kusan miliyan 1.95 suka zauna. Fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka samu 300 zuwa sama kimanin 12,000 ne, masu 250 zuwa 299 kuma kimanin 73,000. Ke nan yaro mai 250 yana cikin biyar na farko a kowane ɗari a faɗin Najeriya, kuma iyayensa suna da gaskiya da suka yi alfahari da shi. Matsalar ita ce waɗannan dubu tamanin da ɗoriya ba warwatsuwa suke yi a dukan kwasa-kwasai ba. Turuwa suke yi a ƙofa huɗu ko biyar: likitanci, aikin jinya, harhaɗa magunguna, lauya, kimiyyar kwamfuta. Mai 250 da ya nemi likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, ya shiga layin da ke cike da masu 280 da 300. Abokinsa mai 190 da ya nemi aikin gona ko koyar da lissafi ya shiga layin da wata shekarar ma kujerunsa ba sa cika. Abin takaici ne ƙwarai a ce jihar da ke noma masara da citta da waken soya kamar Kaduna, yaranta suna ɗaukar karatun aikin gona a matsayin abin da ake jefa mutum ciki idan ya rasa.

Sannan makin JAMB ɗin ma ba shi kaɗai ake ɗorawa a sikeli ba. A 2005 jami'o'i suka samu izinin yin tasu jarrabawar bayan ta JAMB, wadda kowa ya sani da Post-UTME, saboda kukan da suke yi cewa ana turo musu yara masu manyan maki da ba sa iya rubuta jimla ɗaya daidai. A 2016 ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta, a 2017 aka dawo da ita da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Yau wasu jami'o'i suna yin jarrabawa ta biyu a kwamfuta, wasu kuma takardu kawai suke dubawa su mayar da sakamakon sakandare maki. Kowace da nata lissafin. Jami'ar Legas, alal misali, tana ba JAMB kashi 50, jarrabawarta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20, inda A1 ke da maki 4, C6 kuma 2. A ɗauki yara biyu a gwada. Na farko yana da 280 a JAMB, wato 35 cikin 50. Ya samu 15 a jarrabawar jami'a, kiredit ɗinsa biyar duk C6 ne, maki 10. Jimilla 60. Ta biyu tana da 248, wato 31. Ta samu 22 a jarrabawar jami'a, sakamakonta na sakandare ya ba ta kusan 17. Jimilla kusan 70. Ya fi ta da maki 32 a JAMB, amma ita ce a gabansa nesa ba kusa ba. Yaran da ake gaya wa a aji shida na sakandare cewa "kiredit biyar kawai ake nema" an ɓoye musu rabin gaskiya. Kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu, sharaɗi ne na shiga takara. Amma darajar kowane kiredit tana iya zama abin da zai raba gardama, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a kwas kamar likitanci.

Wani wurin da ake yin asara tun ba a shiga ɗakin jarrabawa ba shi ne ranar cike fom. Duk wanda ya taɓa raka yaro cibiyar rajista ya san yadda take. Layi tun asuba, kowa da lambar NIN ɗinsa da lambar da aka turo masa ta waya, mai kwamfuta ya gaji, yana so ya sallami mutum ɗari kafin la'asar. Na ga wani dattijo tsaye bayan ɗansa a irin wannan wuri. Ma'aikacin ya tambaya, "Wane kwas?" Yaron ya ce lauya. "Wace jami'a?" Ya ce ABU. "Darussan fa?" Yaron ya lissafo Turanci, Gwamnati, Tattalin Arziki da Addinin Musulunci. Ma'aikacin ya ɗago kai ya ce, "Ba ka yi Adabin Turanci ba?" Yaron ya ce makarantarsu ba su da malaminsa. Dattijon ya matso ya ce, "Malam, don Allah sa masa duk wanda ka ga ya fi kyau." A cikin minti biyu aka yanke makomar shekarar yaron, kuma wannan ma ya yi sa'a an tambaye shi. Da an bar fom ɗin yadda ya faɗa, ko 300 ya ci da wuya a dube shi, tunda Adabin Turanci sharaɗi ne a karatun lauya a kusan ko'ina. Haka mai neman injiniya da bai sa lissafi ba, ko mai neman likitanci da ya bar Fiziks. Ga kuma zaɓi na biyu da yara ke dogara da shi, alhali manyan jami'o'i waɗanda suka sa su a zaɓin farko ma sun fi ƙarfin kujerunsu.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace zafi, wato rabon kaso. A jami'o'in gwamnatin tarayya ana raba kujerun kowane kwas gida uku. Kashi 45 na cancanta ne zalla, duk wanda ya fi maki ko daga ina yake. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, su 23: jihohin Arewa 19 gaba ɗaya, da Bayelsa, Ribas, Kuros Riba da Ebonyi. Kaduna tana ciki, duk da cewa a nan ABU take tun 1962, a nan Kwalejin Barewa take, a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da makarantar horar da hafsoshin soja suke. Ma'anar wannan ita ce kwas ɗaya yana iya samun iyakar maki uku ko fiye. Ɗan Kaduna da ya nemi ABU yana da ƙofa uku da zai iya shiga ta cikinsu. Ɗan Anambara da ya nemi wannan kujera ƙofa ɗaya gare shi. Jami'o'in jihohi kuma, irin su Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, da aka kafa a 2004, nasu tsarin daban ne, sukan fifita 'yan jiha su kuma yi la'akari da ƙananan hukumomi.

Ina goyon bayan dalilin da ya sa aka kawo wannan tsari. Boko ya riga shiga Kudu da gomman shekaru, kuma ƙasar da likitocinta da alƙalanta da injiniyoyinta duk suka fito daga ɓangare ɗaya ba za ta zauna lafiya ba. Amma bai kamata mu riƙa toshe kunne idan yaron Kudu mai 270 ya yi kukan cewa an ɗauki wanda bai kai shi ba. Kukansa yana da tushe, kuma amsar da za mu iya ba shi da mutunci ita ce kujerar ta tafi ga wanda da gaske bai samu damar da shi ya samu ba. A nan ne tsarin yake da rauni, domin galibi takardar asalin jiha ake dubawa. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Unguwar Rimi ko Malali, ko ma wanda aka haifa a Abuja bai san hanyar ƙauyensu ba sai ranar karɓar takardar ƙaramar hukuma, shi da yaron da ya yi sakandaren gwamnati a Birnin Gwari ko Kauru duk "Kaduna" ne a idon kwamfuta. Idan aka jera su da maki a cikin wannan kashi 20, kowa ya san wanda zai ɗauke kujerar. A ɗaya gefen kuma ga yarinyar da aka haifa a Kakuri, kakanta ya zo daga Imo ko Oyo aikin masaƙa tun zamanin da masaƙun ke aiki, ta zauna a aji ɗaya mai ɗalibai sama da ɗari da 'ya'yan maƙwabta, Hausa a bakinta kamar kowa. Rashin da ta yi irin na abokan karatunta ne sak, amma takardarta ta ce ita 'yar jihar da ta ci gaba ce. Rangwamen da aka yi domin marasa gata yana zarcewa wurin masu gatan cikinmu, mu kuma mun yi shiru saboda sunan Arewa ne ke amfana.

Domin a gane nauyin wannan, sai an tambayi me makin yake aunawa. Yana auna ƙwaƙwalwa da ƙoƙari, babu shakka. Yana kuma auna shekara goma sha biyu na abin da aka zuba wa yaro ko aka hana shi. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da ita da korar da ta biyo baya, amma yaran da ke zaune a waɗannan azuzuwa a lokacin su ne ke layin JAMB a 'yan shekarun nan. Sun ci karo da kullen korona a 2020, suka ci karo da rufe makarantu saboda satar ɗalibai a 2021, kuma sace 'yan makaranta da aka yi a Kuriga a watan Maris na 2024 ya nuna wa iyayen karkara cewa tura yaro makaranta ma kasada ce. Yaron da ya ratso duk wannan ya ci 200, a wurina ya nuna abin da mai 240 daga makarantar kuɗi bai nuna ba.

Ga kuma ita kanta kwamfutar. JAMB ta yi ƙoƙarin sauƙaƙawa, ta sa ana iya amsa komai da 'yan maɓallai: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Duk da haka, a dubi yarinyar da ranar jarrabawa ce ranarta ta farko a gaban allon kwamfuta. An ɗauki zanen yatsanta a ƙofa, an nuna mata kujera, agogo yana ƙirga mata lokaci a saman allo, tana taɓa maɓalli da yatsa ɗaya a tsorace kada ta danna abin da zai goge komai. Tambaya 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace. Kusan duka tambayoyin da Turanci suke, har na Kemistiri da na lissafi. Wanda sai ya karanta, ya juya tambayar zuwa Hausa a zuciyarsa, sannan ya nemo amsa, lokacinsa ya ƙare kafin iliminsa ya ƙare.

Makin kuma ba wahayi ba ne. A 2025 an ga haka ƙarara, lokacin da shugaban JAMB Farfesa Is-haq Oloyede ya fito a ranar 14 ga Mayu, yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Amsa laifin da ya yi abin yabo ne, ba kasafai ake ganin irinsa a ƙasar nan ba. Amma ko babu matsalar na'ura, jarrabawar da ake yi cikin kwanaki da yawa da tambayoyi daban-daban ba za ta iya rantsewa cewa mai 252 ya fi mai 248 ba. Tazara babba tana da ma'ana. Tazarar maki uku ko huɗu kuwa ciwon kai na safiya ɗaya ma yana iya kawo ta.

Duk da waɗannan aibobi, ba na tare da masu cewa a soke JAMB a bar kowace jami'a ta yi yadda take so. Mun san ƙasarmu. Ranar da aka cire makin da kowa zai iya gani, abin da zai maye gurbinsa shi ne ɗan kati daga mai girma wane da kiran waya daga ofishin wane. Sakamakon sakandare shi kaɗai ba zai ɗauki wannan nauyi ba muddin akwai cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Ɗan mai gadi da ya ci 290 yana riƙe da hujjar da ba mai iya musanta masa, kuma sau da yawa ita kaɗai gare shi. Tsarin ba da gurbi ta intanet, CAPS, da JAMB ta kawo a 2017 ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi: jami'a ce ke gabatar da sunaye, JAMB ta duba ko an bi jerin maki da kaso kafin ta amince, ɗalibi kuma ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Sai dai nan ma akwai ramukan da rashin sani ke jefa yara. Wanda bai ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin JAMB ba, ba za a gabatar da shi ba komai makinsa. Wanda aka yi wa tayin sauya kwas bai duba ba har wa'adi ya wuce, ya rasa. Wanda bai cika shekara 16 ba, ba za a ɗauke shi ba sai dai in yana cikin 'yan ƙalilan da ake yi wa tantancewa ta musamman. Wanda kuma ya karɓi takardar shiga ta bayan fage wadda ba ta bi ta CAPS ba, zai gane kurensa ranar da ake tattara sunayen masu tafiya bautar ƙasa.

Amurka ta gwada hanyar ajiye jarrabawa, kuma abin da ta gano ya shafe mu. A can jarrabawar shiga jami'a, wato SAT da ACT, ba su taɓa zama su kaɗai ba, ana haɗa su da sakamakon makaranta da rubutun ɗalibi da shaidar malamai. An daɗe ana sukar su da cewa 'ya'yan masu kuɗi ne ke cin su. Da korona ta zo a 2020, mafi yawan jami'o'i suka ce wanda ya ga dama ya turo maki, wanda bai ga dama ba ya bari, Jami'ar Kalifoniya ma ta daina duba shi kwata-kwata. Amma a 2022 jami'ar MIT ta dawo da shi, a 2024 jami'o'in Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu. Dalilin da Dartmouth ta bayar shi ne ya fi jan hankalina. Ta gano cewa yara daga gidajen talakawa suna ɓoye makinsu don suna ganin bai kai na sauran ba, alhali da sun turo, da masu tantancewa sun auna shi da irin makarantar da suka fito sun ga bajinta ce. Wato makin yana da amfani matuƙar an karanta shi tare da sanin inda mai shi ya taso. Mu muna da makin, muna kuma da niyyar yin rangwame, abin da muka rasa shi ne auna rangwamen da halin yaro maimakon sunan jiharsa.

Kafin a kai ga gyaran wannan, akwai abin da ba ya buƙatar doka ko kasafi. Jami'ar Ibadan da ta Legas suna wallafa iyakar makin sassansu, ga na cancanta ga na jihohin yanki. Ya kamata kowace jami'a da ke cikin jihar nan ta riƙa yin haka duk shekara, kafin a fara sayar da fom, tare da yawan kujerun kowane kwas da yawan waɗanda suka nema bara, kuma gidajen rediyon Kaduna su karanta shi da Hausa yadda suke karanta farashin hatsi. Uban da ya ji cewa mutum dubbai ne suka nemi kujera ɗari da 'yan kai zai zauna da ɗansa su yi shawara tun yana aji biyar na sakandare. Zai kuma san cewa akwai wasu hanyoyin: sauya kwas ko makaranta bayan fitowar sakamako, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB da ABU ke kula da ita, makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Nuhu Bamalli, ko NCE daga kwalejin ilimi ta Gidan Waya, waɗanda yawancinsu ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye idan ya yi sakamako mai kyau.

Shi kuwa gyaran kaso, kayan aikinsa suna hannu. Makarantar da yaro ya zauna WAEC ko NECO tana jikin sakamakonsa, kuma ma'aikatar ilimi ta jiha ta san waɗanne makarantu ne ba su da malamin Fiziks, waɗanne aka rufe ko aka haɗe saboda tsaro. Ana iya ware wani ɓangare na kujerun kowane kwas, har da likitanci da lauya, ga waɗanda suka fi maki cikin ɗaliban irin waɗannan makarantu, ko wace jiha kakanninsu suka fito. Masu hali za su yi ƙoƙarin kai 'ya'yansu ƙauye su yi rajistar jarrabawa a can, don haka sai an sa sharaɗin cewa yaro ya yi shekaru ukun ƙarshe na sakandare a makarantar, da shaidar rajistar aji. Sauya rabon jami'o'in tarayya sai Abuja ta yarda, kuma zai ɗauki lokaci. KASU kuwa ta jihar Kaduna ce, gwamnatin jiha da hukumar jami'ar za su iya fara gwada shi a kwas biyu ko uku, su bi sawun yaran har su kammala, su fito da sakamakon kowa ya gani.